Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Idona Ya Yi Rawaya

A makon jiya na tsaya ne a kan ciwon haƙorin da ya hana ni barci bayan arba'in ɗin Inna. Likita ya rubuta mini amoksisilin mai haɗe da kilabulanet, ƙwaya mai miligiram 625, na sha na kwana 7, kumburin ya sauka, na manta da zancen. Sai da aka yi kusan mako 3 da gama maganin, wata safiya uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, idonka fa ya yi rawaya." Fitsarina ya koma kamar baƙin shayi, bayan gida ya yi fari, ga ƙaiƙayin da ke sa ni sosa tafin ƙafa har jini ya fito.

Inna takan ce jiki magayi. Nawa ya faɗa, amma kowa ya fassara yadda ya ga dama. Gwaggo ta aiko da jiƙon shawara. Kawu kuwa, wanda har gobe ban daina jin zafin maganarsa ba, ya ce a gaban surukaina hanta ba ta lalacewa haka kawai, a binciki inda nake zama da dare. Ni da ko ƙamshin giya ban sani ba.

A asibiti an gwada jinina, babu ƙwayar cutar hanta ta B ko ta C, hoton ciki ma bai nuna tsakuwa a matsarmama ba. Wata likita ce ta yi ta tambayata magungunan da na sha a wata 2 da suka wuce, har na tuno da na haƙorin. Ta ce garkuwar jikin wasu takan yi wa wannan magani bore, ruwan matsarmama ya kasa fita daga hanta, galibi kilabulanet ɗin ne sila, kuma ya fi samun maza masu shekaru irina. Ta hana ni jiƙon, ta rubuta sunan maganin a kati, ta ce kada in sake shansa har abada.

Na yi wata 3 kafin idona ya washe. Katin yana cikin aljihuna lokacin da aka ɗaura auren Auta, shekaru da yawa bayan haka, Kawu na zaune kusa da ni yana ɓara goro. Na taɓa katin sau biyu, na tuna Inna da maganarta, ban fito da shi ba, shi ma bai taɓa cewa in yafe masa ba.