Salsalar Gidan Carter na Bajiniya Daga Cikin Wasiƙu: Inda Aikin Ya Kai

'Yan'uwa masu koyon karanta tsofaffin wasiƙu da haɗa nasaba, jadawalin zuriyar Robert Carter, babban mai gandu a Bajiniya (cikin Amurka ta yau) wanda ake wa laƙabi da "King", ya kai kan jikoki. Mutumin ya rasu a 1732 a gandunsa na Corotoman, ya bar fili kusan eka 300,000 da ɗaruruwan bayi. 'Ya'ya 15 ya haifa da mata biyu, Judith Armistead da Elizabeth Landon. Layin 'ya'ya bai ba da wahala ba. A kan jikoki ne zaren ya fara cukurkuɗewa, don haka dokar aikin yanzu ita ce: ba a jan layin nasaba da tawada sai takarda ta biyu ta gaskata abin da wasiƙa ta ce. Wasiyya, takardar rabon gado, ko rajistar coci. Kafin nan, fensir.

Kowace wasiƙa tana samun layi ɗaya a jadawali mai gida takwas: kwanan wata yadda aka rubuta shi, kwanan watan da aka daidaita, marubuci, gandun da ya rubuto daga ciki, wanda aka aika wa, duk sunan da aka ambata, kalmar zumuntar da aka yi amfani da ita, sai ma'ajiyar da takardar take. Gida na huɗu shi ne mafi amfani, kuma shi sabon shiga ya fi tsallakewa.

Dalili kuwa, takwarori sun yi yawa. Akwai Robert Carter uban gida, da ɗansa Robert da ya riga shi rasuwa da 'yan watanni a 1732 ɗin, da jikansa Robert na Nomini Hall, ga kuma Robert Wormeley Carter ɗan Landon na Sabine Hall, wani ɗan "King". Charles ma haka: na Cleve ɗan "King" ne, ya rasu 1764, na Shirley jika ne ta wajen John, ya rayu har 1806. Su kansu da sunan gandu suke bambance juna. Sai dai gandun ma yana canzawa. Charles na Shirley ya daɗe ana kiransa na Corotoman kafin ya koma Shirley a farkon shekarun 1770, wanda bai san haka ba sai ya raba mutum ɗaya gida biyu. A gidan Randolph, wani babban gida na Bajiniya, abin ya fi muni. Thomas Mann Randolph na Tuckahoe ya sa wa ɗansa sunansa, wato wanda ya auri Martha 'yar Thomas Jefferson (wanda daga baya ya zama shugaban Amurka) a 1790, da amaryarsa ta haihu kuma ya sake sa wa jaririn wannan sunan. 'Yan uba biyu, suna ɗaya, duk suna raye. A ba kowane mutum lamba tun daga farko, a rubuta shekarar haihuwa da ta mutuwa kusa da sunansa a duk inda ya fito.

Batun kwanan wata ba ya son gaggawa. Kafin 1752, Ingila da yankunan da take mulka suna fara shekara ranar 25 ga Maris. Wasiƙar da aka rubuta mata 10 ga Fabrairu 1727, a lissafin yau ta 1728 ce. Marubuci mai kula yakan sa 1727/8, wani bai damu ba. Idan aka jera irin wannan bisa abin da ido ya gani, sai a tarar da amsa ta riga tambaya da wata goma, ko jariri ya riga ɗaurin aure. A Satumban 1752, da aka koma sabuwar kalanda, aka tsallake kwana 11, aka kwanta ranar 2 aka tashi ranar 14. Shi ya sa haihuwar George Washington take da kwanaki biyu, 11 ga Fabrairu 1731/2 da 22 ga Fabrairu 1732. A kwafe kwanan yadda yake, gyaran ya tafi gida na biyu. Ga takardun kafin Maris na 1700, tazarar kwana 10 ce.

Kalmomin zumunta su ne babban tarko. "Brother" yana iya zama mijin ƙanwa ko wan mata. "Cousin" ya haɗa ɗan baffa, ɗan ƙanwa, da dangi na nesa. "Son-in-law" sau da yawa agola ake nufi, ba suruki ba. "Junior" kuma yana nufin ƙarami cikin masu suna ɗaya a yankin, ba lallai ɗa ba. Ga auren zumunci ya ɗaure gidajen tamau: Anne 'yar "King" Carter ta auri Benjamin Harrison na Berkeley, ɗansu ya sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka ta 1776, jikansu William Henry Harrison ya zama shugaban ƙasa a 1841. Elizabeth Hill Carter ta Shirley ta auri William Byrd na uku na Westover a 1748. Mutum ɗaya kan zama ɗan'uwa ta hanya biyu ko uku, don haka jadawali mai siffar bishiya ba ya ɗauka. Katin mutum ɗaya-ɗaya ya fi, kowane aure da layinsa.

A duba kuma wace irin takarda ce a hannu. Wadda ta isa wurin mai ita tana da alamun ninki, da gurbin kakin hatimi, da adireshi a bayanta, domin ba a sa su cikin ambulan a lokacin. Mai karɓa yakan rubuta sunan mai aikowa da rana a baya, wannan kan ceci wasiƙar da sa hannunta ya yage. Kwafin da ke littafin ajiyar wasiƙu kuwa sau da yawa hannun magatakarda ne, kada a ɗauke shi samfurin rubutun maigida. Wasiƙun da ake aika wa dillalan taba a Landan, irin su Micajah Perry, akan yi su biyu ko uku a ba jirage daban-daban saboda haɗarin teku. A lissafa su a matsayin ɗaya. Kada a raina su don na kasuwanci ne. Tsakanin lissafin gangunan taba, kowace mai nauyin laba 1,000 ko kusa, akan sami odar kayan makoki ko kuɗin makarantar yaro a Ingila, abin da ke nuna mutuwa ko shekarun ɗa. Harafin "s" mai tsawo kuma ba "f" ba ne, "ye" a karanta shi "the".

Rashin wasiƙa ba shaidar rashin jituwa ba ne. Martha, matar George Washington, ta ƙona kusan duk abin da suka rubuta wa juna da mijinta. 'Yan'uwan da ke gaɓar kogi ɗaya kuma ziyara suke yi, ba rubutu ba.

An ƙara wa jadawalin shafi na biyu, na bayi. Idan maigida ya rubuta "iyalina" ko "mutanena", sau da yawa har da su yake nufi, kuma kowane aure ko rabon gado na manyan gida yana raba wasu iyalai a rumfunan bayi. A 1799 akwai bayi 317 a Mount Vernon, gandun George Washington: daga cikinsu 123 na Washington ne, 153 na gadon Custis, mijin Martha na farko. Wasiyyar Washington ta 'yanta nasa kawai, alhali ɓangarorin biyu sun auri juna. Sally Hemings kuwa, baiwa a gidan Jefferson, 'yar John Wayles ce, uban matar Jefferson, zumuncin da wasiƙun gidan suka yi shiru a kai. A wannan shafi, suna ɗaya ba ya isa. A haɗa da gandu, shekaru, sunan uwa da sana'a.

Mataki na gaba shi ne takardar 'yantarwa ta Robert Carter na Nomini Hall ta 1791, wadda a hankali ta 'yanta mutum sama da 500. Tana ɗauke da sunaye da shekaru, gandu bayan gandu. Za a gwada sunayen da waɗanda suka fito a littattafan wasiƙunsa. Mai son gwada hannu kafin nan ya buɗe Founders Online, shafin intanet na takardun waɗanda suka kafa Amurka, kyauta ne, ya ɗauki wasiƙu goma tsakanin Jefferson da 'yarsa Martha ya cike gidajen takwas ɗin nan da su.