Inda iska ta bi, mai ma zai bi

Ina wata na uku da kama aiki a sashen zana mazubai lokacin da shugabanmu ya dire kwalba biyu a kan teburina. Siffa ɗaya, tambari ɗaya, murfi ɗaya. Ya ce in nuna masa ta gaskiya. Na ɗaga su ga haske, na jujjuya, na shinshina, na kasa. Sai ya ce ai babu ta jabu a cikinsu, daga masana'anta ɗaya suka fito. Abin da ke ciki ne ya bambanta. Ɗaya man zaitun ne na kamfanin da ya ba mu aikin. Ɗayar kuwa an ƙarar da nata, wani ya tsince ta, ya ɗura mata mai mai arha da ɗan launi, ya mayar da ita kasuwa da sunan mutanen kirki a goshinta.

"Kwalbar da in ta ƙare ta ƙare suke so," in ji shi. "Jeka ka yi tunani."

A raina na ce wannan ai aikin mako biyu ne. Bawul mai barin abu ya fita ya hana shi komawa ba sabon abu ba ne, yana cikin famfo, yana cikin tayar mota, yana cikin zuciyar ɗan Adam ma. Na zana ɗan ƙwallon gilashi zaune a kan wani zobe cikin wuyan kwalba. In ka karkata, ƙwallon ya gangara, mai ya fito. In ka tsayar, ya koma mazauninsa ya toshe hanya. Da na shiga binciken abin da magabata suka yi, sai na tarar tun 1872 wani Baturen Ingila mai suna Hiram Codd ya sa ƙwallon gilashi a wuyan kwalbar lemo mai gas, ko da yake shi rufewa yake nema, ba hana cikawa ba. Na kuma tarar rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ta Amurka cike take da zane-zanen kwalbar da ba a sake cikawa, tun ƙarshen ƙarni na 19. Yawansu ya kamata ya tsorata ni. Matsalar da mutane masu basira suka yi ta komawa kanta sama da shekara ɗari, alama ce ba ta warwaru ba. Ni kuwa sai na ɗauka sun share mini hanya ne.

A ɗakin gwaji akwai wani dattijo da ya daɗe a wurin, kowa Baba yake ce masa. Na kai masa samfurina. Ya karɓa, ya girgiza kusa da kunnensa, ya ce, "Ɗana, kana so in gwada ta a matsayin mai saye, ko a matsayin ɓarawo?" Na ce ya yi duka biyun. Ya ce ɓarawo zai fara, tunda shi ne ba ya karanta umarnin da ke jikin kwalba.

Ya kwantar da ita a cikin roba cike da mai. A kwance ƙwallon ba ya kan zobensa, mai ya sulale ciki a hankali. Na ƙara nauyi a bayan ƙwallon domin ya riƙa danne shi ko a kwance. Ya lanƙwasa siririyar waya, ya zura, ya ɗage ƙwallon. Na sa faifai mai karkatattun ƙofofi a sama, yadda mai zai bi lungu-lungu ya fito amma waya ba za ta iya kwana ba. Ya kifa kwalbar, ya tura mai daga ƙasa da ɗan famfon hannu, domin a kife bawul ɗin a buɗe yake, dole. Na ƙara wani ƙwallo mara nauyi da zai taso kan mai ya toshe hanya idan an turo daga wannan ɓangaren. Kowane zagaye mako guda ko biyu yake ci a wurina, shi kuwa kafin shayinsa ya huce ya gama.

Gwajin da ya sauya mini tunani shi ne na ruwan zafi. Baba ya tsoma kwalbar da ba komai a cikinta cikin ruwan zafi, ya bar ta ta ɗauki zafi sosai, sannan ya nutsa bakinta cikin mai ya bar ta ta huce. Ban ga hannunsa ya yi komai ba, amma mai ya fara hawa. Lissafin ba ɓoyayye ba ne, na san shi tun a makaranta, ban dai taɓa kawo shi nan ba. Iskar da aka ɗumama daga digiri 20 zuwa 80 tana kumbura, wani ɓangare ya fice. In ta huce ta tsuke, sai ta bar gurbin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin shida na cikin kwalbar, matsin iskar waje kuma ya tura duk abin da ke bakin ya cike gurbin. Ka maimaita, ka girgiza ƙwallayen su kauce a daidai lokacin, kwalba ta cika. Mai injin zuƙe iska ma ba ya bukatar ruwan zafin.

A daren nan na kasa barci, ina ta bin hanyar da man ya bi. A nan na gane abin da ya kamata in gane tun ranar farko. Mai ba ya fita daga kwalba sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Wannan ƙarar ɓul-ɓul da muke ji idan muna tsiyaya, iska ce ke neman hanya. Ke nan duk kwalbar da ake iya tsiyayawa tana da ƙofar shiga, ni da kaina na buɗe ta, kuma ba ni da ikon rufe ta sai in na yarda kwalbar ta daina aiki. Inda iska ta bi, mai ma zai bi, in dai an ba shi lokaci da matsi. Abin da aka rubuta a takardar aikinmu, wato kwalbar da ba za a iya sake cikawa ba sam, ba ya samuwa. Ba don ni sabon shiga ba ne. Yanayin iska da ruwa ne ya hana.

Kafin in gama haɗiye wannan, sai matsala ta ɓullo ta ɗaya gefen. Mun raba samfura ga abokan aiki su kai gida su yi amfani da su yadda suka saba. Wata babbar ma'aikaciya a sashen kuɗi ta dawo da tata bayan kwana uku, da tabon wuƙa a bakin. Ta ce, "Ƙanena, kwalbarka ta hana ni man da na saya." Da sanyi man zaitun yana yin kauri, ƙwallon ya manne a zobensa, ta karkata ba abin da ya fito, ta girgiza sai ya kwararo gaba ɗaya. Daga nan ta ɗauko wuƙa. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Na shafe watanni ina tunanin ɓarawo, har na manta cewa cikin masu taɓa kwalbar nan shi ne mafi ƙaranci. Duk shingen da na kafa dominsa, mai gaskiya ne ke tuntuɓe da shi safe da yamma. Kuma abin ban tsoro, wahalar da ta sha ta koya mata fasa murfin, abin da ba ta taɓa tunanin yi ba. Na cire ƙwallo ɗaya, na faɗaɗa hanyar iska, na san sarai cewa na sauƙaƙa wa Baba aikinsa.

Shi kuwa Baba ya ajiye mini na ƙarshe. Wata safiya ya miƙo mini kwalba cike, murfinta lafiya lau, zoben hatiminta bai motsa ba. Na duba wuyan ta kowace fuska. Sai ya kama babban yatsana ya ɗora a gindin kwalbar. Ya huda gilashin da bakin huji mai lu'ulu'u, irin na masu aikin tayil, ya ɗura mai da sirinji, ya toshe da gam mai haske kamar ruwa. Wata shida ina gadin ƙofa, ɓarawo ya shigo ta bango.

Na koma wurin shugabanmu na ce, "Yallaɓai, aikin nan ba zai yiwu ba." Bai yi mamaki ba. Ya ce in daina tambayar ko za a iya, in fara tambayar minti nawa zai ci, da wane kayan aiki, kuma wace alama zai bari. Mai algus ɗan kasuwa ne, riba yake nema. Idan cika kwalba ɗaya na cin lokacin da ribarta ba ta biya ba, zai koma kan kayan da ba su da kariya. Wannan amsar ba ta yi mini daɗi ba, domin tana nufin mun tura matsalar gidan maƙwabci ne, amma gaskiya ce.

Batun alama shi ya fi kama ni. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan sun sha ƙwayoyin maganin ciwo na Tylenol da wani ya zuba wa guba ya mayar da su shago. Kamfanin maganin ya janye kwalabe kusan miliyan 31. Abin da ya biyo baya ba kwalbar da ba ta buɗuwa ba ce, domin magani dole a buɗe shi. Hatimi aka runguma: takardar alminiyam a baki, leda a wuya, zoben da ke tsinkewa. Ba su hana mugu taɓawa ba, sun hana shi ɓoye cewa ya taɓa. Haka sirinjin rigakafi mai kulle kansa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsaya a kansa tun 1999: in aka danna shi sau ɗaya ya maƙale, in aka tilasta ya karye. Sirinji dai ya fi kwalba sa'a, shi sau ɗaya ake amfani da shi, ita kuwa sai an buɗe an rufe har ta ƙare, ba ta da damar lalata kanta a ranar farko. Amma tunanin ɗaya ne. Sai muka sake murfin yadda in aka ɓalle shi daga wuya haƙoran da ke riƙe da shi za su kakkarye, kuma bayan buɗewar farko wani jan zobe ya bayyana wanda ba ya komawa. Gindin kwalbar muka yi masa zane mai tudu-tudu, yadda huji zai ɓata layin, yatsa ya ji.

Akwai lokacin da na ji kamar muna ɓata basira ne kan kare ribar kamfani kawai. Abin da ya dawo da ni shi ne karanta labarin Sifaniya a 1981, inda aka sayar wa talakawa man masana'antu da aka gurɓata da sinadari, da sunan man girki, a jarkoki marasa tambari. Mutum kusan 20,000 suka kamu, ɗaruruwa suka rasu, wasu suka nakasa har ƙarshen rayuwa. Ba kwalaben da aka sake cikawa ba ne, amma tushen ɗaya ne: mutum ya ci abin da ba shi da hanyar sanin asalinsa. Shi ya sa ban yi dariya ba da na karanta yadda aka yi wa Tarayyar Turai ba'a a 2013, lokacin da ta so hana gidajen abinci ajiye man zaitun a buɗaɗɗun tuluna, har ta janye shawarar a watan Mayu. Sifaniya ta yi gaban kanta, dokarta ta fara aiki a farkon 2014, Italiya ma ta kafa tata a shekarar. Masu sukar suna da hujja, musamman kan ƙananan manoma da tarin shara. Amma wanda ya zauna a teburi ya zuba mai daga kwalba mai suna, yana da haƙƙin abin da ke ciki ya zama abin da aka rubuta.

Hujjar sharar nan ita ce har yau ban samu natsuwa a kanta ba. Kwalbar gilashi aba ce da za a iya wankewa a sake cikawa sau da dama, kuma hakan alheri ne. Ni aikina shi ne in kashe wannan alherin da gangan. Murfin da muka ƙera ya haɗa roba iri biyu, da alminiyam, da ƙwallon gilashi, kuma mun yi shi yadda ba zai ciru ba, ga masu narka gilashi suna son ya ciru cikin sauƙi. Bukatu biyu ne masu kyau da suka juya wa juna baya a wuyan kwalba ɗaya.

Da muka zo rubuta rahoto, na roƙi a cire jimlar da ke cewa ba a iya sake cika ta. Muka jera hanyoyin da Baba ya bi ɗaya bayan ɗaya, da kayan da kowace ke bukata, da alamar da take bari, har da hujin gindi wanda ba mu hana ba. Wakilin kamfanin bai so haka ba, kalma mai ƙarfi yake so ya buga a talla. Shugabanmu ya tsaya a bayana, ya ce masa gara su ji daga bakinmu da su ji daga kasuwa. Muka kuma ba su shawarar da ba ta shafi zane ba: su riƙa karɓar kwalaben da suka ƙare daga manyan masu saye, domin kwalbar da ta koma tukunyar narkawa ba ta zuwa hannun kowa.

Yanzu abin da ke gabana shi ne wuyan da zai tsinke a wani layi da aka raunana, idan aka murɗa da ƙarfi bayan man ya ƙare, murfi ya tafi gefe, gilashi ya tafi gefe, bakin kuma ya lalace yadda wani murfin ba zai zauna ba. Samfuri na huɗu yana tsinkewa da wuri, tun kwalbar na da rabi. Na biyar yana kan teburin Baba tun jiya, kusa da robar mai da butar ruwan zafi.