Fitowar da ta raba ni da ɗakin tace fim

Ranar Alhamis na miƙa makullin ɗakin tace fim, bayan shekara huɗu ina zaune gaban kwamfutar nan. Waɗanda muka yi zaman Titin Gidan Zoo a Kano tare sun san sutudiyon, sun san maigidan, ba sai na kama suna ba.

Fitowa ɗaya ce silar tafiyata, ba ta kai minti uku ba. A wani fim mai dogon zango, uwargida za ta shiga ɗakin amarya cikin dare da wuƙa. Maigida, wanda shi ne darakta, ya ce in sa ɗaukar nesa yadda take, jini ya fito fili, in ɗora kiɗan tsoro. Ni kuwa a lokacin kaina ya cika da Psycho, fim ɗin da Alfred Hitchcock ya fitar a Amurka a 1960.

Ba labarinsa ne ya kama ni ba, yadda aka yi shi ne. Kamfanin Paramount ya ƙi zuba kuɗi, sai Hitchcock ya zuba nasa, wajen dala 800,000, ya ɗauka a baƙi da fari da ma'aikatan shirinsa na talabijin. Fitowar da ake kashe jarumar fim ɗin, Janet Leigh, a wurin wanka kwana bakwai aka yi ana ɗaukarta a Disambar 1959. Sau 78 aka sauya wa kyamara mazauni, aka yi yanka 52. Jinin da ke bin ruwa narkakken cakulan ne, don a baƙi da fari ya fi kama da jini. Ƙarar shigar wuƙa kuwa, wani dangin kankana aka riƙa caka wa. Abin da ido ke gani bai wuce wuƙa a sama, baki a buɗe, ruwa na gangarawa magudana ba. Mai kallo da kansa yake ƙarasa kisan a ransa. Duk wanda ya taɓa zama ya yanka hoto ya san wannan aikin ƙwararru ne.

Sai labarin Bernard Herrmann, mai kiɗan fim ɗin. Hitchcock ya ce kada a sa kiɗa a fitowar wankan. Herrmann ya je ya tsara nasa, da kayan tsirkiya zalla, mai tsini kamar ihu. Da Hitchcock ya ji, sai ya janye maganarsa. Ni abin da na tsinta a nan shi ne, ƙaramin ma'aikaci yana iya fin maigida gaskiya.

Daren nan ban rintsa ba. Na tono 'yan ɗaukar kusa da mai kyamara ya yi don ko-ta-kwana: hannu a kan ƙofa, idon amarya, labule yana motsi. Na sayo kankana a bakin titi, na aza a kan benci, ina caka mata wuƙar girki, wayata na naɗar sauti. Na cire jinin gaba ɗaya. Da asuba na gama, na kalla sau uku, tsigar jikina na tashi. Sai na tura wa yaron da ke ɗorawa a YouTube, ban nuna wa kowa ba.

Nan ne kuskurena, kuma har yau yana cina. Herrmann bai shigar da kiɗansa ta bayan gida ba. Ya kunna wa Hitchcock, ya bar masa zaɓi. Ni kuwa maigidana a wayarsa ya fara ganin fitowar, tare da sauran jama'a.

Washegari ya same ni a gaban yara masu koyon aiki.

"Kai, wa ya sa ka? Fim ɗin gidanku ne?"

"Yallabai, a yi haƙuri, na yi kuskure."

Ya yanke mini rabin albashin watan, ban ja ba, don na san na taka shi. Abin da na kasa haɗiyewa ya biyo baya. Masu kallo suka yi ta yabon fitowar, sai ga shi a wata hira yana cewa tun a takarda haka ya tsara ta. Daga kashi na gaba sunana ya ɓace a jerin ma'aikata. Saul Bass, wanda ya zana wa Hitchcock hotunan fitowar wankan kafin a ɗauka, daga baya ya ce shi ya ba da umarninta, Janet Leigh ta musanta. Amma ko da ake wannan ja-in-ja, sunan Bass yana jikin fim ɗin, haka sunan George Tomasini da ya tace shi. Nawa fa?

Sauran abin da na koya kaɗan ne. A nuna aiki ga wani ido kafin ya fita: Alma Reville, matar Hitchcock, ita ta lura gawar Janet Leigh ta ɗan motsa bayan kowa ya kalla bai gani ba. Batun suna kuma a rubuta shi a takarda tun ranar kama aiki.

Har yanzu ana yanko fitowar ana yaɗawa a TikTok. Duk sanda na ci karo da ita, nakan tsaya in ƙara murya, in saurari ƙarar kankanar nan.