Wata uku ina kokawa da waƙa guda ta tsohon ABBA, sai daren jiya ƙafata ta gane

Daren jiya wajen sha ɗaya da rabi, bayan yara sun yi barci, na buga baitin farko na waƙar The Day Before You Came a fiyano daga farko har ƙarshe sautin bai dagule ba. Na ce wataƙila sa'a ce, na sake. Ya fita. Na uku ma ya fita. Sai na zare hedifon na jingina da bango kamar wanda aka sauke wa buhun gero daga ka. Wata uku cur ina kan abu ɗaya, har maiɗakina ta haddace karin saboda yawan gunguninsa da nake yi, alhali ko sunan waƙar ba ta sani ba.

'Yan uwa masu koyo, waɗanda muka daɗe ba mu gaisa ba, ga yadda na faɗa wannan rami. Benny Andersson, ɗaya daga cikin maza biyun ABBA, ƙungiyar mawaƙan nan ta ƙasar Suwidin, wanda yake zama a gaban fiyano, shi ne ya ja mini. A 2017, yana da shekara 70, ya shiga situdiyonsa da ke tsibirin Skeppsholmen a Stockholm, ya zauna gaban wani babban fiyano ƙirar Fazioli ta Italiya, ya buga tsofaffin waƙoƙinsa guda 21 shi kaɗai. Ba mawaƙi, ba ganga, ba jita. Ya sa wa kundin suna Piano kawai, kuma Deutsche Grammophon ne suka fitar, kamfanin Jamus ɗin nan da aka fi sani da faya-fayan su Beethoven da Mozart. Tun ranar da na ji shi na ce sai na koyi ko da guda biyu a ciki.

Kafin ma in taɓa maɓalli ɗaya, kundin ya haɗa ni musu da mutum uku.

Na farko kawuna ne, wanda a motarsa na fara jin ABBA a kaset ina ƙarami. Na kai masa da murnata na kunna. Ya saurari ta farko, ya saurari ta biyu, sai ya ce, “Kai yaro, ina Dancing Queen?” Na ce babu, Kawu. Mamma Mia fa? Babu. Waterloo da suka ci gasar Eurovision da ita a 1974? Ita ma babu. Ya miƙo mini wayata ya ce wannan ai zaman makoki ne, in tafi da abina. Kuma a gaskiya yana da hujja. A cikin 21 ɗin nan shida ne kacal na ABBA, su ma ba waɗanda ake tashi a taka ba: I Let the Music Speak, Thank You for the Music, My Love My Life, I Wonder, Happy New Year, sai wadda nake fama da ita. Sauran daga wasan kwaikwayon waƙa mai suna Chess ne da suka yi da Björn Ulvaeus da Tim Rice, wanda faifansa ya fito a 1984, da Kristina från Duvemåla na 1995, da wasu kaɗe-kaɗensa na gida Suwidin waɗanda ko sunansu ba na iya furtawa. Wanda ya zo neman ƙuruciyarsa a kundin nan zai koma hannu rabbana.

Na biyu abokina ne mai situdiyo, wanda ya yi shekaru yana ɗora wa mawaƙa kiɗa. Shi kalma ɗaya ya yanke: ɗumame. Wai tsoho ya gaji, rijiya ta ƙafe, shi ya sa ya koma tukunyar jiya. Ya ƙara da cewa irin kiɗan da ake sakawa a harabar otal ne, in ba shi kwana biyu zai buga mini duka. Na ce masa da farko dai kowa ya san ɗumamen safe ya kan fi tuwon dare daɗi. Na biyu kuma, mutumin da rijiyarsa ta ƙafe a 2017 yaya aka yi ABBA suka fitar da Voyage a 2021 da sababbin waƙoƙi, bayan shekara 40? Ya yi dariya ya ce dai ɗumame ne. Ku riƙe maganar kwana biyun nan, za mu dawo kanta.

Na uku malamina, wanda yake buga wa coci kuma yana karanta rubutun kiɗa kamar yadda nake karanta jarida. Shi bai yaba ba bai kushe ba. Ya ce Benny bai kai Chopin, gwanin fiyanon nan na da, ba, kada in ruɗi kaina, amma in kasa kunne ga abin da mutumin yake yi da ƙafarsa. A lokacin ban gane ba. Abin da ya fi burge ni shi ne Benny da kunne ya koya, irinmu. Da akodiyon ya fara yana ɗan shekara shida wajen mahaifinsa da kakansa, ya sami fiyano yana shekara goma ya koya wa kansa, kuma ba ya karanta rubutun kiɗa. Littafin waƙoƙin kundin da aka buga, wani ne ya saurara ya rubuta. Na so in saya, da na ga kuɗin kawo shi ya fi kuɗin littafin sai na haƙura na koma ga kunnena.

Shirina a takarda mai kyau ne. Sati biyu hannun dama, sati biyu hannun hagu, sati biyu a haɗa, sannan in wuce Thank You for the Music in gama ta kafin babbar sallah. Sallah ta zo ta wuce, an cinye nama, ina nan a baitin farko. Ban ma san lokacin da matakan suka cakuɗe ba, don kullum in na gyara hagu sai dama ta lalace.

Matsala ta farko ƙarama ce amma ta ci mini sati. A C minor nake buga ta, kuma kun san yadda baitin yake, a daɗe a kan C minor, a sauka B flat, sannan E flat. Fiyanona mai maɓalli 61 ne, na hannu na saya, kuma maɓallinsa na ƙarshe a hagu C ne. Wato in na kafa ƙaramin yatsa a kan wannan C ɗin, B flat da ya kamata in sauka kanta tana waje, a kan tebur. Mai 88 yana da ƙarin 15 a ƙasa da 12 a sama. Na gwada tsallakawa sama zuwa B flat ta gaba, sai kiɗan ya zama kamar mutum yana saukowa daga bene aka ce ya koma. Na gwada bugawa a D minor in rage da maɓallin sauya murya, malam ya ce wannan ha'inci ne, ranar da na zauna gaban fiyanon katako zan ji kunya. A ƙarshe na sauke sautin dukan fiyanon da zango guda, wato maɓalli 12, na matsar da kujerata dama. Kwana uku hannuna yana laluben gida.

Sai feda, abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe yana ƙara. Ta farko ƴar ƙaramar nan ce mai kama da akwatin ashana, naira 9,000. Na jona, sai ta yi aiki a juye: in na taka sauti ya yanke, in na ɗaga ya ci gaba. Na hau keke napep na mayar wa mai shago ina huci. Ya jona a nasa, lafiya lau. Ashe ni ne nake kunna fiyanon ƙafata tana kan fedar, shi kuma yana ɗaukar yadda ya same ta a matsayin sake. Na ba shi haƙuri, na biya kuɗin mota zuwa da dawowa a banza. Bayan sati uku ta ishe ni da gudu a kan siminti, ina bin ta da ƙafa har ƙarƙashin gado, na sayi mai dogon harshe 24,000. Wannan kuɗin har yau in na tuna sai na ji a ƙirjina.

To ga ainihin abin da ya hana ni barci. Mu nan in aka ce fiyano, abin da ke zuwa a rai shi ne a danna salo ganga ta kama, hagu ta riƙe kod, wato sautukan da ake dannawa tare, mawaƙi ya hau. Ganga tana rufa maka asiri, murya tana rufa maka asiri. Asalin waƙar ta 1982 ma haka take, bugu ɗaya ne yake tafiya kusan minti shida kamar jirgin ƙasa, Agnetha, ɗaya daga cikin mata biyun ABBA, tana jero kalmomi a kai. A kundin tsohon an janye duka biyun. Kari ne mai kalmomi da yawa, sautuka maƙwabta suna bin juna a kan kod ɗaya da ya daɗe. In na danne feda don ƙasan ya zauna, sautukan sama sai su taru su zama kunu. In na saki don sama ta washe, ƙasan ya ɓace, kiɗan ya bushe kamar ana ƙwanƙwasa faranti. Wajen sauka daga C minor zuwa B flat kuwa abin ya fi muni, domin E flat ta kod na farko tana nan tana ƙara lokacin da D ta na biyu ta shigo, kuma su biyun ƙofa da ƙofa suke, ba sa shiri. A fiyanon katako ana iya taka rabi a tace sautin. Tawa ko a kunne ko a kashe, ba tsakiya.

Na san ƙa'idar, kowa ya sani: hannu ya sauka, ƙafa ta tashi, sannan ta koma. Na yi ta da agogon bugu, na'urar da take ƙirga maka lokaci, a hankali har na gaji da kaina. A kan kod zalla tana fita sumul. Da na ɗora kari sai ƙafa ta koma bin hannu, su sauka tare. Na rage gudun kiɗan Benny a waya zuwa rabi ina saurara, data ta ƙare sau biyu, abin da na gano kawai shi ne agogon bugu ba zai taɓa tafiya da shi ba. Yana ja, yana saki, ya ɗan dakata a inda ban zata ba. Akwai daren da aka ɗauke wuta ina tsakiyar yi, wallahi daɗi na ji.

Abin da ya warware shi ba daga malam ya zo ba. Biki aka yi a layinmu ranar Asabar, aka kawo masu kalangu. Ina tsaye ina jin yadda makaɗin yake kiran sunan mutum da kirarinsa da fata da tsirkiya kawai, kowa kuma ya gane abin da ya ce. Na lura yana faɗin magana ya tsaya, ya faɗi ya tsaya, daidai inda mai baki zai ja numfashi. Sai maganar malam ta dawo mini. Ni ina ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu ina neman inda zan ɗaga ƙafa, shi kuwa tsohon waƙa yake rerawa a ransa, ya san inda Agnetha ta numfasa.

Turancin waƙar ba ya zama a bakina da sauri, don haka na ƙirƙiro nawa kalmomin na Hausa a kan karin, shirme ne zalla, labarin yadda nake fita aiki da safe in sayi ƙosai a bakin titi. Na riƙa rerawa a fili ina bugawa. Duk inda numfashina ya ƙare, ƙafa ta tashi, ko da kod bai canja ba. Don kada ƙasan ya ɓace a wannan ɗan lokacin, ƙaramin yatsan hagu ya zauna daram a kan maɓallinsa bai ɗaga ba. Shi ke nan fa. A layin farko kawai na sami wurin share sauti sau biyu kafin a kai B flat, don haka lokacin da D ta shigo ba ta tarar da tarkace ba. Kwana huɗu ina yi da baki, jiya na rufe baki na bar shi a zuci, ya tsaya.

Ban ce na iya ba. Babban yatsan damana har yanzu yana danne kari, yana fitowa da ƙarfi kamar baƙon da ya fi mai gida surutu, kuma maɓallan roba marasa nauyi ba sa taimako, kaɗan ka ƙara sai su yi ihu. Wanda ya sha wannan a cikinku, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi. Sashen ƙarshen nan mai faɗi ko taɓa shi ban yi ba. Kuma har gobe ina tare da kawu a abu ɗaya: sama da awa guda na kiɗa mai sanyi a jere ya yi mini yawa, ban taɓa kai ƙarshen kundin a zama ɗaya ido biyu ba. Uku nake ji in kashe.

Shi kuma mai kwana biyu, na tura masa waƙar tun wata biyu da suka wuce na ce ga fili ga mai doki, guda ɗaya kawai nake so. Shiru. Shekaranjiya ya aiko mini saƙon murya, bayan doguwar gaisuwa da tambayar iyali, yana so ya san wace irin feda na saya kuma a wane layi. Na faɗa masa ta 24,000. Ban gaya masa kada ya kunna ƙafarsa tana kai ba.