Kafin ka sayi fentin jirgin ruwanka, duba inda jirgin ke kwana

Yawancin masu ƙaramin jirgin faiba ko babur ɗin ruwa a nan Sakkwato, idan launin gindin jirgin ya koɗe, wajen mai fentin mota suke nufa. Ba laifi ba ne, don fentin mota mai haɗi biyu yana iya yin aikin, amma da sharaɗi. Jirgin da ake fito da shi a ɗora a tirela bayan an gama yawo daban yake da wanda ke ɗaure mako da makonni a madatsar ruwan Goronyo ko a bakin gulbin Rima. Wannan bambancin ne ke zaɓa maka fenti, ba kyan launi ko sunan kamfani ba.

Fentin foliyuritan mai haɗi biyu, wanda ake gauraya shi da hadna, wato ruwan da ke sa shi ya daskare, shi ya fi kowanne sheƙi da jure rana, kuma yashi ba ya saurin karce shi. Rauninsa ɗaya ne: ba a yi shi don ya daɗe a nutse ba. Idan ya kwana biyu ko uku cikin ruwa ba a fito da shi ba, danshi yana ratsawa ya taru a ƙarƙashinsa, sai ka ga ƙananan ƙuraje sun feso a gindin jirgin, ka latsa ɗaya da farce ruwa ya fito. Don haka ya dace da babur ɗin ruwa da duk jirgin da ke kwana a tudu. Wanda ke kwana a ruwa kuwa, daga layin ruwa, wato iyakar inda ruwa ke kaiwa a jikinsa, zuwa ƙasa efoksi yake so, wani fenti mai haɗi biyu shi ma, shafi uku zuwa biyar. Shi efoksi ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, amma rana abokiyar gabarsa ce: a 'yan watanni sai ya koɗe, ka shafa hannu ka ga farin gari kamar alli. A ranar Sakkwato abin ya fi sauri, saboda haka duk inda rana za ta taɓa, a rufe shi da foliyuritan.

Fentin hana gansakuka mai tagulla a ciki yana da tsada, kuma jirgin da ake fitarwa kullum ba ya bukatarsa. Jirgin alminiyam ma kada a kusance shi da irin wannan, tagullar tana cinye alminiyam. Fentin mai na ƙofa da taga kuwa asarar kuɗi ne a gindin jirgi.

Sai a san da me aka ƙera jikin jirgin. Jiragen faiba na yau da kullum suna da wata fata mai sheƙi a waje da ake kira jelkot, kuma efoksi yana kama ta sosai idan an goge. Amma babura da yawa na ruwa, musamman na Yamaha, da wani haɗin faiba da ake matsawa a injin aka yi gindinsu, wanda ake kira SMC. Ruwan foliyesta da masu gyaran faiba suka saba da shi ba ya manne masa da kyau; facin zai yi kamar ya zauna, ranar da babur ɗin ya daki igiyar ruwa da gudu ya ɓalle gaba ɗaya. A leƙa cikin jirgin: idan ana ganin zaren faiba da kaushi, faiba ce ta gargajiya, idan ciki da waje duk sumul suke, a ɗauka SMC ne a yi facin da efoksi. Fotin da masu gyaran mota ke cike lotsawa da shi ma kada ya sauka ƙasan layin ruwa, yana tsotsar ruwa ya kumbura ya ɗago fentin.

Tsohon fentin da ke jiki shi ma a gwada shi. A jiƙa tsumma da asiton, wani ruwa mai narkar da fenti, ko tina mai ƙarfi, a ɗora a wani lungu na minti biyar zuwa goma. Idan fentin ya yi laushi ko ya yamutse, mai haɗi ɗaya ne, kuma duk fenti mai haɗi biyu da aka shafa a kansa zai tayar da shi. Babu gajeriyar hanya, sai an kankare shi duka.

Kuskuren da ya fi yawa a shiri shi ne fara guga kafin wanki. Jikin jirgi yana ɗauke da maiƙon inji da kakin gogewa, sanfefa kuma tura su take yi cikin karcen da ta yi, daga baya fentin ya riƙa buɗe ƙananan ramuka kamar idon kifi. A fara wankewa da omo, a ɗauraye, a goge da tsumma biyu, ɗaya mai asiton ɗaya busasshe. Sannan sanfefa mai lamba 80 don cire tsohon fenti, 120 zuwa 180 kafin firaima, wato shafin farko, 320 kafin fentin ƙarshe. Jirgin da ya daɗe a ruwa a kife shi a inuwa ya sha iska aƙalla mako biyu.

Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafi guda da rola. Gindin babur ɗin ruwa bai wuce murabba'in mita 5 ba, don haka lita biyu ta firaima ta isa shafi uku, lita ɗaya da rabi ta fentin sama ta isa shafi biyu har da ragi. A auna haɗin da kofin awo yadda aka rubuta a gwangwani. Ƙara hadna ba ya sa efoksi saurin bushewa, lalata shi yake yi ya zauna da danƙo.

Yanayinmu kuma sai an yi masa dabara. Lokacin da haɗin ke yi kafin ya daskare, wanda aka rubuta a jikin gwangwani, a zafin digiri 20 zuwa 25 aka auna shi, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage shi kusan rabi. A watan Afrilu da zafi ke haura 40, haɗin da aka ce zai yi awa huɗu yana iya daskarewa a kofi cikin awa guda. A riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, kwata lita a lokaci guda, a fara aiki bayan asuba, a ƙarƙashin rumfa. Da hunturu ƙura ce matsala: a yayyafa ruwa a ƙasa, a kewaye wurin da leda. Wanda zai yi feshin foliyuritan ya sani hayaƙinsa yana illata huhu, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. In babu na'urar numfashi ta gaske, rolar soso da buroshi mai laushi sun fi aminci.

Washegari in ka taɓa fentin za ka ji ya bushe, amma cikinsa bai nuna ba. A ba shi kwana bakwai cur kafin a ɗora jirgin a tirela, don igiyar ɗauri da katakon tirela suna barin shaida a fentin da bai ƙosa ba.