A Ina Makullin Yake Kwana?

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, duk ranar da aka damƙa muku amanar bayanan mutane, ku fara tambayar kanku: wa ke riƙe da makullin da aka ɓoye su da shi, kuma a ina aka ajiye shi?

Ban yi wa kaina wannan tambayar ba lokacin da na gina wa wani ƙaramin asibiti tsarin adana bayanan marasa lafiya. Na ɓoye komai da AES, wani sanannen lissafin ɓoye bayanai, hankalina kwance. Ashe makullin na rubuta shi cikin manhajar kanta, a kwamfuta ɗaya da rumbun bayanan. Tamkar na garƙame shago da kwaɗo ne na rataye makullin a jikin ƙofa. Wani abokin aiki da ya duba mini ya buɗe fayil guda, sai ga sunaye da cututtuka a fili. Allah ya tsare, ba wanda ya sata. Amma a ciki akwai sakamakon gwajin da mai shi ko iyalinsa bai faɗa wa ba, kuma wannan ne har yau yake damuna.

Da wuya lissafin ɓoye bayanai ya karye. Yadda muke amfani da shi ne ke kayar da mu. A 2013 aka sace bayanan miliyoyin masu amfani da manhajojin kamfanin Adobe. Kamfanin ya ɓoye kalmomin sirrinsu da wani lissafi mai suna 3DES, a salon ECB mai mayar da rubutu iri ɗaya zuwa ɓoyayyen rubutu iri ɗaya, don haka duk waɗanda kalmarsu ta zo ɗaya, ɓoyayyen rubutunsu ma ɗaya ya fito, ga kuma bayanin da suka rubuta don tuna kalmar ba a ɓoye ba. Kalmar sirri a niƙa ta da bcrypt ko Argon2, hanyoyin da ke sauya ta yadda ba a iya dawo da ita. Kada ku ƙirƙiri naku lissafin, ku ɗauki wanda masana suka daɗe suna gwadawa, irin na cikin libsodium, wani kundin kayan aikin ɓoye bayanai, makullin kuma ya zauna daban, inda mutane ƙalilan ke kai hannu.

Kuskurena na biyu tara abin da ba a buƙata: adireshi, sana'a, lambar wayar ɗan'uwa. A 2016 wata kotu a Amurka ta nemi bayanan wani mai amfani da Signal, manhajar aika saƙo. Abin da masu Signal suka iya miƙawa shi ne lokacin da ya buɗe asusu da ranar da ya shiga na ƙarshe, domin sauran ba su taɓa ajiyewa ba. Kafin ku ƙara gurbi a fom, ku zauna da likitan ku ji me zai yi da shi. In ba shi da amsa, ku cire gurbin.