Yinin da na yi a kan dutsen Sukur

Asabar, da dare. Ƙafafuna zogi suke yi, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da na gani yau.

Mun baro Gulak bayan sallar asuba, ni da abokina da muka yi makaranta tare a Mubi, wanda Sukur ne asalin kakanninsa. Achaba ya kai mu gindin dutse, daga nan kuma sai ƙafa. Hanyar da ke hawa ba turba ba ce irin ta awaki. Shimfiɗaɗɗun duwatsu ne aka jera su da hannu, wani wuri matakala, wani wuri fili, faɗinta ya isa mutum biyu ko uku su jera. Ina haki ina tsayawa, sai ga wata mata ta wuce mu da buhu a kafaɗa da goyo a baya, ta yi mana sannu da hawa, ta ɓace a kwana.

Sukur na kan tsaunukan Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, sama da mita 1,000 daga doron teku. Kamaru na nan gabas, tafiyar ƙafa ce. Hazon hunturu ya hana ni ganin nesa, amma abokina ya nuna min da yatsa inda ƙasar Kapsiki ta Kamaru take. Ya ce masu zuwa kasuwannin can da naira da sefa suke tafiya a aljihu ɗaya.

Abin da ya fi tsaya min a rai gonakin ne. Duk gangaren dutsen an yanka shi hawa-hawa, kowane hawa an tare shi da jingar duwatsu don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Wani hawan bai fi faɗin tabarma biyu ba, amma dawa ake nomawa a kai, da gero da wake da gyaɗa. Yanzu an gama girbi, sai kara a tsaye. Duk shekara kafin damina sai an bi jingar nan an mayar da duwatsun da suka zube. Idan aka bar ta shekara biyu ko uku, ƙasar da kakanni suka tara za ta gangara kwari. Na ga wasu hawa-hawan da ciyawa ta cinye, na tambaya, aka ce masu su sun sauka ƙasa, wasu Yola, wasu Maiduguri. Wannan ya dame ni fiye da yadda na zata.

Mun gaisa da mutanen gidan Hidi, wato sarkin Sukur. Katangar gidan dutse ne zalla, an ɗora wani kan wani ba siminti. Na ga rumbuna, na ga masussuka, na kuma leƙa ramin da ake kiwata sa a cikinsa, a ƙarƙashin ɗaki, ana kai masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba. Saboda waɗannan abubuwa ne UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, kuma shi ne na farko a Najeriya.

Da azahar muka zauna wurin wani dattijo, ɗan'uwan kakan abokina. Na ce, “Baba, da me garin nan ya yi suna a da?” Ya ce, “Da ƙarfe, ɗana.” Ya kai mu kufan wani tanderu. Baƙin yashi mata ke tarawa a rafi bayan ruwan sama, shi ne tamar. Maza su ƙona gawayi, a yini ana zuga, a fitar da ƙarfe. Fatake na zuwa daga filayen ƙasa har daga wajen Barno su saya, a ƙera fartanya da gatari. Wato garin da nake gani yau kamar ƙarshen duniya, a da shi ake nufa da jakuna. Da tarkacen motoci suka yawaita a shekarun 1950, ƙarfe ya yi arha, wutar tanderu ta mutu.

Ya ambaci Hamman Yaji, sai muryarsa ta sauya. Shi ne Bafulatanin da ya mulki Madagali a farkon ƙarnin da ya wuce, ya riƙa turo mayaƙa suna kama bayi a duwatsun nan, har Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Shi ma yana da kundin yau da kullum, da Larabci, yana lissafa mutanen da aka kamo masa. Ina rubuta nawa yanzu a garin da ya kai wa hari, jikina ya yi sanyi.

Ita kanta iyakar Najeriya da Kamaru a nan ba ta daɗe ba. Yankin ya kasance ƙarƙashin Jamus, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 wannan yanki, wato Arewacin Kamarun Ingila, ya zaɓi Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. Dattijon yana yaro lokacin. A 2014 kuma 'yan Boko Haram suka hau har saman nan suka ƙona gidaje. Bai so ya yi dogon zance a kai ba, ni ma ban matsa ba.

An kawo mana tuwon dawa da miyar yakuwa. Sanyi ya sauko sosai, an ba ni bargo biyu. Gobe da sassafe abokina zai taya kawunsa gyara jingar da ta rushe bayan gida, na ce a tashe ni.